Yuli 1979: Ƙuri'a Biyu a Mako Ɗaya, da Gwamnan da Bai Taɓa Naɗa Kwamishina Ba



Duk inda aka zauna hira a cikin birnin nan, ko a dakalin ƙofar gida a Kwarbai, ko bayan La'asar a Limancin Kona, in aka ɗauko zancen marigayi Alhaji Abdulkadir Balarabe Musa, labarin kusan ɗaya ne: mutumin kirki ne, talakawa suka zaɓe shi, manya suka taru suka tsige shi. Mu ma da wannan labarin muka tashi, kuma akwai gaskiya mai yawa a cikinsa. Sai dai akwai wani gefe da ba mu cika son taɓawa ba. 'Yan majalisar da suka tsige shi ba daga sama suka faɗo ba. Mutanen jihar nan ne suka zaɓe su, a rumfunan zaɓen da aka zaɓi gwamnan, mako guda kacal kafin a zaɓe shi.

Ga yadda abin ya kasance. Da sojoji ƙarƙashin Janar Olusegun Obasanjo suka shirya miƙa mulki, hukumar zaɓe ta FEDECO ta raba zaɓen 1979 gida biyar, duk ranar Asabar: 7 ga Yuli 'yan majalisar dattawa, 14 ga Yuli 'yan majalisar wakilai, 21 ga Yuli 'yan majalisar jiha, 28 ga Yuli gwamnoni, sai 11 ga Agusta shugaban ƙasa. Damina ce, kuma kafin a kai ga zaɓen gwamna azumi ya kama. Shi ne kuma babban zaɓe na farko da matan Arewa suka jefa ƙuri'a a cikinsa, abin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kansa tun zamanin NEPU. Jihar Kaduna ta lokacin ba wadda muka sani yau ba ce. Har da Katsina da Daura da Funtuwa a cikinta, domin sai a Satumbar 1987 aka yanke Katsina.

A zaɓen 21 ga Yuli, NPN mai alamar gida da masara ta kwashe kujeru 64 daga cikin 99 na majalisar dokokin jiha. PRP mai alamar mabuɗi ta tashi da 16, sauran suka rabu tsakanin GNPP da NPP da UPN. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, Alhaji Lawal Kaita na NPN zai wuce gidan gwamnati ba gardama. Sai ga shi bayan kwana bakwai an sanar da Balarabe Musa, ɗan Kaya a ƙasar Zazzau, tsohon ɗalibin Midil ta Zariya, akanta wanda mutane da yawa ba su san fuskarsa ba, da ƙaramar tazara.

Me ya canza a cikin mako ɗaya? Ba wai jama'a sun kwana sun tashi 'yan PRP ba ne. Ƙananan jam'iyyu sun ga cewa in kowa ya tsaya da ƙafarsa NPN za ta haɗiye su, sai magoya bayansu suka karkata ga mutum ɗaya. Akwai kuma tsohuwar gasa tsakanin lardin Zariya da lardin Katsina: Lawal Kaita Bakatsine ne, kuma ba ƙaramin adadi ba ne na mutanen Zazzau da na kudancin jihar suka ga gara nasu. Ko a cikin NPN ɗin ba kowa ne ya yi masa aiki da zuciya ɗaya ba. Wato ƙuri'ar da ta kawo Balarabe haɗin gambiza ce, wasu don aƙida, wasu don yanki, wasu don haushi. Wannan bai rage mata halacci ba ko kaɗan. Amma ya kamata wanda ya hau a kanta ya san irin ƙasar da yake takawa.

Kafin mu shiga rikicin, sai mun ɗan koma baya, domin gabar ba a 1979 aka haife ta ba. A nan Zariya da Kaduna aka fara tarukan da suka haifar da Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, da su Dokta Dikko da Malam Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano. A zaɓen 1951, wanda ake yi hawa-hawa, 'yan NEPU sun yi abin a zo a gani a matakin farko a wasu garuruwa, amma tsarin ya ba En'e damar cusa nata mutanen a matakan sama, har aka ƙare babu ɗan NEPU ko ɗaya a majalisar Kaduna. Daga nan talaka mai ra'ayin Sawaba ya koyi wani darasi da bai manta ba: ana iya cin zaɓe a rumfa a rasa shi a ɗaki. Su kuma 'yan Salama abin da suka riƙe shi ne 'yan NEPU marasa kunya ne, masu zagin sarakuna da iyayen ƙasa. Iyayenmu sun ba mu labarin auren da ya mutu saboda tauraro da fartanya, da maƙwabtan da suka daina gaisawa, da mutumin da aka ɗaure a kotun alƙali kan laifin da kowa ya san sunansa na gaskiya siyasa. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, sunaye ne kawai suka canza. Mai cewa Salama ya koma cewa Aminci, mai cewa Sawaba ya koma cewa Nasara.

Rabuwar kuwa har cikin gidajen manya ta shiga. Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya koyar a kwalejin share fagen shiga jami'a a nan Zariya a ƙarshen shekarun 1970, ɗan PRP ne, alhali mahaifinsa Matawallen Katsina jigo ne a NPN. Dokta Yusufu Bala Usman na sashen tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, jikan Sarkin Katsina Dikko, shi ne ya zama ƙwaƙwalwar gwamnatin PRP har ya riƙe muƙamin sakataren gwamnati. Saboda haka masu cewa faɗan na talaka da basarake ne kawai sun taƙaita. Samaru tana da nata hannu a ciki, kamar yadda fada take da nata.

Sannan ga abin da ya faru a sama, wanda ya ƙara dagula ruwa. Tsarin mulki ya ce wanda zai zama shugaban ƙasa sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari ya samu a jihohi 12, a ta 13, wato Kano, ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce ai biyu cikin uku na 19 ba 13 ba ne, sha biyu ne da biyu bisa uku. FEDECO ta yarda, Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da Shagari ranar 26 ga Satumba, kwana biyar kafin rantsuwa. Don haka ranar 1 ga Oktoba 1979 aka shiga Jamhuriya ta Biyu kowane ɓangare yana da abin da yake ƙullace da shi. 'Yan adawa suna ganin da lissafi aka ba Shagari mulki. NPN kuma tana ganin an fizge mata Kaduna, cibiyar Arewa, garin Sardauna, kuma ba ta taɓa haɗiye wannan ba.

Abin da Balarabe ya fara yi shi ne abin da ya sa har gobe ake sa masa albarka: soke haraji da jangali, shi da Abubakar Rimi na Kano. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba sai an yi musu bayani. Haraji kuɗi ne a kan kowane baligi, ko ya noma ko bai noma ba, ko damina ta yi kyau ko fari ya cinye. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, kuma ba kullum abin da aka karɓa a ƙasa yake daidai da abin da aka rubuta a sama ba. Magidanci yakan sayar da akuyarsa ko hatsin da zai ci, wani ya bar gari da sunan cin rani har sai kakar haraji ta wuce, wani a shanya shi a rana a gaban 'ya'yansa. Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu a karɓi jangali a kan kowace. 'Yan NEPU sun yi kusan shekara talatin suna kuka da wannan, sai ga shi an kawar da shi da sanarwa guda. Ba a daɗe ba sauran jihohin Arewa, har da na NPN, suka bi sahu, domin babu gwamnan da zai iya ci gaba da karɓa alhali maƙwabcinsa ya daina. Ya kuma kafa hukumar binciken filaye da gonaki, wadda ta shiga sauraron ƙorafin manoma kan gonakin da aka ƙwace musu. A ƙasar Zazzau, inda maganar gandun sarauta da gonakin bayi take da tsawon tarihi, kowa ya san ƙafar wa aka taka.

To, amma gwamna ba ya mulki shi kaɗai. Tsarin mulkin 1979 ya ce sai majalisa ta amince da kwamishinoninsa. Balarabe ya aika da sunaye, majalisa ƙarƙashin kakakinta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa ta yi watsi da su. Ya sake aikawa, ta sake mayarwa. Haka aka yi ta yi. NPN tana ganin tun da ita ke da kusan kashi biyu cikin uku na wakilan jama'a, dole a dama da ita a gwamnati. Shi kuma yana ganin an zaɓe shi ne don ya rushe irin mulkin da NPN take wakilta, ba don ya raba kujeru da ita ba. Aka wayi gari jiha mai miliyoyin mutane tana tafiya babu majalisar zartarwa, gwamna yana aiki da manyan sakatarori, kasafin kuɗi ya zama filin daga, kusan wata 21.

A nan ne muke ganin ya kamata a yi adalci, in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Laifin majalisa ya fi girma, kuma ba ma jin nauyin faɗar haka. Ikon tantance kwamishina an ba da shi ne don a duba cancantar mutum, ba don a hana gwamnati kafuwa ba. Wanda ya ƙi kowane suna da aka kawo masa, ba sunayen yake ƙi ba, sakamakon zaɓen yake ƙi. Amma shi ma Balarabe bai ɗauki kujeru 64 ɗin nan a matsayin muryar jama'a ba. A idonsa wakilan 'yan birni ne da sarakuna da 'yan kwangila. Alhali manomin Soba ko na Ikara da ya dangwala wa masara ranar 21 ga wata, wataƙila shi ne dai ya dangwala wa mabuɗi ranar 28. Ba za ka ce yana da hankali a Asabar ta biyu ba, a ta farko kuma saye shi aka yi. Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP yana ta kiran siyasa ba da gaba ba a lokacin, ana yi masa kallon mai wasa.

Ana wata sai ga wata. Gwamnonin PRP biyu suka shiga taron gwamnoni tara na 'yan adawa tare da na UPN da GNPP. Malam Aminu Kano da shugabannin jam'iyya suka hana, gwamnonin suka ƙi ji, a 1980 jam'iyya ta dare biyu: 'yan Taɓo suna tare da Malam, 'yan Santsi suna tare da Rimi da Balarabe, da tsohon ɗan ƙwadago Michael Imoudu a matsayin shugaba. Wannan ta fi yi wa tsofaffin 'yan NEPU ciwo, domin mutanen da suka sha ɗauri tare a zamanin En'e su ne suka koma jifan juna da baƙar magana a dandali. Gwamnan da yake da 'yan majalisa 16 cikin 99, yanzu ko uwar jam'iyyarsa ba ta tare da shi.

Tsige gwamna yana buƙatar kashi biyu cikin uku, wato ƙuri'a 66. NPN ta fara da 64, kafin tsakiyar 1981 ta sami cikon da take nema. Sashe na 170 na tsarin mulkin ya sa kwamitin mutum bakwai da zai binciki zargi a hannun kakakin majalisa da 'yan majalisar, wato mai ƙara shi ke zaɓen masu bincike. Ƙaramin sashe na 10 kuma ya ce babu kotun da za ta saurari ƙorafi kan lamarin. Balarabe ya garzaya kotu, kotu ta ce an ɗaure mata hannu. Ranar Talata 23 ga Yuni 1981 aka tsige shi, gwamna na farko da aka taɓa yi wa haka a tarihin Nijeriya. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, ya ƙarasa wa'adin. Abin lura shi ne, duk da zarge-zargen da aka jera na saɓa ƙa'ida da yin gaban kai, mutumin ya koma gidansa da gonarsa a Kaduna, ya rayu kusan shekara arba'in bayan haka, ba a taɓa jin wani ya nuna wata dukiya ya ce ga abin da ya sata ba. Kwana 17 bayan tsigewar, ranar 10 ga Yuli, tarzoma ta tashi a Kano kan takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad, a gidansa.

Mu Zazzagawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba, domin sarautarmu kanta a kan gasa aka gina ta. Tun bayan jihadi gidaje huɗu ke karɓar gadon, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Baturen nan M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan mulkin Zazzau, ya nuna yadda sabon sarki a ƙarni na 19 yake tuɓe masu sarautar gidan da ya gabace shi ya naɗa nasa. Wato cinye-du ba sabon hali ba ne a wurinmu. Amma akwai ɗaya rabin al'adar: gidan da ya rasa ba ya ƙarewa, yana nan a unguwarsa, ana auratayya da shi, yana jiran rana. Mallawa sun yi kimanin shekara ɗari suna jira tun bayan Sarki Aliyu Ɗan Sidi, sai a Oktobar 2020 sarauta ta komo musu. 'Yan siyasar 1979 sun gaji rabin farko, sun bar na biyu. Shekara huɗu ce kawai, amma NPN ta kasa jira.

Kuma me jiran zai rage mata? Lawal Kaita ya ci zaɓen 1983, zaɓen da aka cika shi da ƙorafin maguɗi a faɗin ƙasa. An rantsar da shi 1 ga Oktoba, ranar 31 ga Disamba sojoji suka kifar da jamhuriyar. Wata uku ya yi. Malam Aminu bai ga wannan ba, ya rasu tun 17 ga Afrilu. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba: 'yan Aminci da 'yan Santsi da 'yan Taɓo duk aka kwashe su zuwa gidajen yari, kuma jama'a da yawa, har da waɗanda suka sha layi da azumi a 1979, murna suka yi.

Kada mu ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A ƙasar Tailan da ke kudu maso gabashin Asiya, jam'iyyun Thaksin Shinawatra sun yi ta cin zaɓe tun 2001 da ƙuri'un manoman karkara, manyan birnin Bankok da sojoji suna ganin ƙuri'ar jahilai ce da aka saya. Ƙasar ta rabu, masu jar riga da masu rawayar riga, aka yi juyin mulki a 2006, aka sake a 2014. A zaɓen Mayun 2023 jam'iyyar matasa ta Move Forward ta fi kowa kujeru, amma majalisar dattawa mai mutum 250 da aka naɗa a zamanin soja ta hana shugabanta zama firaminista, a 2024 kotu ta rushe jam'iyyar. Wanda ya san labarin 1951 da na 1981 ba ya buƙatar tafinta.

An ɗan gyara dokar daga baya. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 188, ya mayar da naɗa kwamitin bincike hannun babban jojin jiha, kuma a shari'ar tsige Gwamna Ladoja na Oyo Kotun Ƙoli ta ce kotu tana da ikon duba ko an bi ƙa'ida. Abin da doka ba ta gyara ba shi ne abin da ya zauna a zukata, cewa ƙuri'a ba ta da tabbas, kuma wanda ya zaɓi ɗaya ɓangaren ko dai maci amana ne ko sayayye. Mun ga inda wannan yake kaiwa a Afrilun 2011. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16, kafin a gama sanar da sakamako wuta ta tashi. A nan Zariya aka kai wa gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo hari, aka ƙona gidaje da wuraren ibada, mutanen da laifinsu kawai an san jam'iyyarsu suka kwana a ɓoye. A Zonkwa da Kafanchan aka yi kisan da har yau ba a gama jimaminsa ba. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta sama da mutum 800 a jihohi 12 cikin kwana uku, kuma jihar Kaduna ce ta fi kowace asara. An sa dokar hana fita dare da rana, aka ɗage zaɓen gwamna zuwa 28 ga wata. Yawancin yaran da suka fita da gora a ranar ba a haife su ba lokacin da aka tsige Balarabe. Amma a gidajenmu suka tashi, hirarmu suka saurara.

Lawal Kaita ya rasu a Janairun 2018, Balarabe Musa a ranar 11 ga Nuwamba 2020, makonni kaɗan bayan Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda duk wannan rikici a zamaninsa aka yi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Muna da dattawa a cikinmu da suka tsaya a layi a Juma da Kaura da Kusfa da Ƙofar Gayan a waɗannan Asabar biyu. Muna roƙon su faɗa mana abin da suka dangwala wa ranar 21, da abin da suka dangwala wa ranar 28, musamman iyayenmu mata, waɗanda ba a cika tambayarsu ba.